Kundin aikin fili: daga ciyawa mai rai zuwa ciyawar roba

Kwamitin kula da fili na wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa mai buga gasar ƙaramin rukuni ne ke rubuta wannan kundi. Fili ɗaya kulob ɗin yake da shi, kuma babbar ƙungiya, ƙungiyar mata da rukunonin yara duk a kansa suke dogara.

14 ga Janairu 2025

Tambayar farko ita ce awa nawa ake so a taka filin a mako. Filin ciyawa mai rai wanda ba a yi masa ginin yashi da magudanai na zamani ba, in ana so ya kai ƙarshen kaka bai zama taɓo ba, awa shida zuwa takwas a mako sun ishe shi, a makonnin ruwa kuwa ko rabin haka yakan yi masa yawa. Da aka tara wasanni da atisayen dukkan ƙungiyoyin kulob ɗin, buƙatar ta kai awa 25. Dalilin hayar filayen wasu ke nan, kuma dalilin da ya sa bakin raga da da'irar tsakiya ke zama ƙasa tsura tun kaka ba ta raba ba.

Ciyawar roba ta zamani na uku, wadda 'yan sana'ar ke kira 3G, tana ɗaukar awa 50 zuwa 60 a mako ba tare da ta nuna gajiya ba. Sai dai awa ba ta zama kuɗi sai an samu mai saye. Lokacin da jama'a ke rububi sananne ne: biyar na yamma zuwa goma na dare a ranakun aiki, awa 25 ke nan, sai kimanin awa 16 a ƙarshen mako. Jimla 41. Kulob ɗin da kansa zai cinye 25 daga ciki, saura 16 na sayarwa, sai abin da makarantu za su iya ɗauka da rana. Duk wanda ya kawo lissafin da ya ɗora kuɗin haya a kan awa 60 cif, a mayar masa da takardarsa. Kuma mafi yawan awannin yamma ba sa sayuwa sai da fitilu, don haka gyaran fitilun ya shiga cikin aikin tun yau, ba abin da za a tuna daga baya ba.

28 ga Janairu

Ƙa'idar gasa. Nan ne kulob-kulob da dama suka sha mamaki, don haka an zauna a kanta sosai.

Dokokin wasa na duniya sun amince da ciyawar roba tun 2004, amma kowace gasa tana da ikon hana ta, kuma iyakar takan faɗo daidai inda ƙaramin kulob ke mafarkin tsallakawa. Ingila ce misalin da ya fi fitowa fili. Gasar National League, mataki na biyar, ta yarda da 3G. Matakai huɗu na sama da ita ba su yarda ba. Harrogate Town ta haura a 2020, dole ta yaye kafet ɗinta, wato shimfiɗar ciyawar robar, ta buga wasanninta na farko na gida a filin Doncaster kafin ciyawa ta kama. Sutton United ta shimfiɗa tata a 2015, ta haura a 2021, ta cire. Bromley ma haka a 2024. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin kafet ba: ranar da aka mayar da ciyawa mai rai, ranar yara da mata da masu haya suka rasa wurin taka leda, kuɗin shigar da aka saba gani kowane mako ya yanke. A Nuwamban 2014 kulob-kulob ɗin mataki na biyu zuwa na huɗu sun kaɗa ƙuri'a kan a buɗe ƙofa a mataki na uku da na huɗu, aka tashi 34 da 34, maganar ta mutu. Abin mamaki, gasar kofin FA ta yarda da 3G a kowane zagaye tun kakar 2014/15.

Ƙiyayyar tana da asali. QPR ta shimfiɗa ciyawar roba a Loftus Road a 1981, Luton ta biyo baya a 1985, Oldham da Preston a 1986. Waɗancan kafet ne masu gajeren gashi, cike da yashi, a kan ƙasa mai tauri. Ƙwallo na tashi sama fiye da kima, wanda ya zame kuma fatarsa ta tafi. Preston ce ta ƙarshe da ta cire, a 1994. 3G ta yau wata aba ce daban, amma sunan da aka ɓata tun wancan lokaci bai gama wankuwa ba. Kuma iskar ba wuri ɗaya take kaɗawa ba: babbar gasar Holan ta hana ciyawar roba daga kakar 2025/26, kulob-kulob ɗin babbar gasar Sikotilan kuma sun zaɓi hana ta daga 2026/27. A duka ƙasashen biyu hanin na saman tsani ne, ƙananan rukunoni na ci gaba da amfani da ita.

An rubuta wa hukumar gasa ana neman amsa a takarda, ba ta baki ba. Rukunin da kulob ɗin yake ciki da wanda ke samansa duk sun yarda, da sharaɗin takardar shaidar ingancin fili ta FIFA Quality mai aiki. Kulob ɗin da ke mataki ɗaya kacal ƙasa da layin hani, kuma yana neman hawa da gaske, shawararmu gare shi ya dakata, ko ya shimfiɗa robar a fili na biyu. Wannan kulob ɗin ba a nan yake ba.

11 ga Fabrairu

An haƙa ramukan gwaji shida, zurfin mita ɗaya da rabi. Ƙasar sama santimita 20 zuwa 25, ƙarƙashinta yumɓu. An cika ramuka biyu da ruwa, washegari ruwan na nan kusan yadda aka bar shi. Ma'ana ƙasar ba za ta sha ruwan filin ba, sai an fitar da shi ta bututu.

Filin wasa mita 105 ne da 68. In aka ƙara mita uku na tsere a kowane gefe, shimfiɗar ta zama 111 da 74, wato murabba'in mita 8,214. Ruwan sama na milimita 25 a kan wannan faɗi ya haura lita 205,000. Ciyawa mai rai takan riƙe wani kaso ta saki sannu a hankali, ginin tsakuwa kuwa yana sakin nasa da sauri. Don haka ana buƙatar izinin zuba ruwa a babbar magudana, da akwatin rage gudu a bakin fita.

25 ga Fabrairu

Zama da 'yan wasa da mai kula da lafiyarsu. Abubuwa uku suka kawo: gwiwa, ƙujewa, zafi.

Kan rauni, binciken da Jan Ekstrand da abokan aikinsa suka buga a 2006 a kan ƙwararrun 'yan wasan Turai bai ga bambanci a jimlar raunuka tsakanin 3G da ciyawa mai rai ba, sai dai targaɗen idon sawu ya ɗan fi yawa a kan roba. Amma a lura, da filayen manyan kulob masu kyau aka gwada ta. Abokin gwajin ƙaramin kulob shi ne fili mai ramuka, mai santsi yau, mai taurin dutse bayan wata biyu. A wannan awon robar da ake kula da ita ta fi aminci. Wadda aka yi wa sakaci kuma ta fi kowanne haɗari, domin cikonta, wato yashi da tsakin robar da ake zubawa tsakanin gashin kafet, yakan dunƙule ya yi tauri, haƙoran takalmi su kafe, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. Yawancin tsoron gwiwa daga nan yake.

Takalmi na da nasa laifin. Masu dogayen haƙora irin na wuƙa suna riƙe kafet fiye da kima. Masu shafaffen ƙasa kuma suna kwantar da gashin, su tsufar da fili da wuri. Abin da ya dace shi ne gajerun haƙora zagayayyu masu yawa. Za a rubuta wannan a bakin ƙofa, a kuma sa shi cikin yarjejeniyar haya.

Ƙujewa gaskiya ce, musamman ga masu tsaron raga da masu son zamiya a busasshen fili. Yayyafa ruwa kafin wasa na ragewa. Zafi ma gaskiya ne: a rana mai ƙuna saman kafet mai baƙin ciko yakan wuce digiri 60, alhali ciyawa mai rai na sanyaya kanta da ruwan da take fitarwa. Ban ruwa na sauke zafin, amma cikin kamar minti ashirin ya fara komawa. Kulob ɗin da ke wurin da rana ke duka sosai ya cire tsakar rana daga lissafin awanninsa gaba ɗaya. Manyan 'yan wasa ba su daina ƙorafi ba ko a matakin ƙoli, an ga yadda 'yan wasan mata suka kai ƙara kafin gasar cin kofin duniya ta 2015 a Kanada, wadda aka buga dukkanta a kan roba. Biyu daga cikin tsofaffin 'yan wasan kulob ɗin sun ce jikinsu ya fi ciwo washegarin wasa a kan roba. An rubuta, ba a yi musu gardama ba.

18 ga Maris

Tayin 'yan kwangila uku ya iso, kuma ba abu ɗaya suke sayarwa ba.

Na farko, mafi araha: gashi mai tsawon milimita 60, babu katifar ƙasa, wato shimfiɗa mai taushi da ake sawa ƙarƙashin kafet, yashi kilo 15 da tsakin taya kilo 16 a kowane murabba'in mita. A kan faɗinmu tan 123 na yashi ke nan da tan 131 na roba. Duk taushin filin daga tsakin tayar yake fitowa, ranar da ya dunƙule ko ya ragu, taushi ya tafi. Na biyu: gashi milimita 45 a kan katifa mai kaurin milimita 20, yashi kilo 20, roba kilo 8, wato tan 164 da tan 66. Na uku kamar na biyu ne, amma cikonsa ɓawon itacen kok ne maimakon taya.

Tsakin taya, wanda ake kira SBR, niƙaƙƙun tsofaffin tayoyi ne. Tarayyar Turai ta sa masa iyaka tun Agustan 2022: jimlar wasu sinadarai takwas masu haɗari da ake kira PAH kada ta wuce miligiram 20 a kilo. Sannan a 2023 ta zartar da dokar da za ta hana sayar da cikon roba na filaye daga Oktoban 2031, saboda yadda ƙwayoyinsa ke bin takalma da ruwa su ƙare a koguna. Dokar ba ta ce a yaye filayen da ke akwai ba, sayarwa ta hana. Amma filin da aka shimfiɗa bana zai buƙaci ƙarin ciko har bayan wannan shekara. Ko kulob ba ya cikin Tarayyar, da yawa daga masana'antun kafet can suke kallo, kuma sun riga sun karkata.

Cikon itace bai kuɓuta daga matsala ba. Kok ba shi da nauyi, ruwa mai ƙarfi yakan taso da shi ya tara a gefe. Ɓawon kwakwa na son danshi, in ya bushe ya zama ƙura, kuma yana ruɓewa, sai an riƙa ƙari akai-akai. Niƙaƙƙen ƙwallon zaitun ba ya tashi amma yana da tauri. Dukkansu ba sa aiki sai da katifa a ƙasa.

Hukuncin kwamiti ya tsaya a kan katifar, ba a kan cikon ba. Katifa mai kyau takan ga bayan kafet biyu, tana riƙe taushin fili ko ciko ya ragu, kuma ita ce za ta ba da damar komawa cikon itace a sabuntawa ta gaba ba tare da an taɓa ginin ƙasa ba. An ajiye tayi na farko. Araha ba ta ado. An ɗauki na biyu, da sharaɗin katangar tare ciko.

1 ga Afrilu

An duba gauraye kafin a rufe maganar, wato ciyawa mai rai da aka dasa wa zaren roba. A tsarin GrassMaster, alal misali, ana cusa zare kusan miliyan 20 zuwa zurfin santimita 18 ko 20, saiwoyi su nannaɗe su. Gasannin da ke hana roba suna karɓarsa. Amma ciyawa ce har yanzu: yanka, taki, ban ruwa, hutu. Tana jure fiye da ciyawa zalla, ba ta kusa da awa 40. Ba ta warware matsalar wannan kulob ba.

Sai lissafin da ke kashe filaye. Kafet na yin shekara takwas zuwa goma. Bayan nan sai a yaye, kuma abin da za a kwashe, kafet da yashi da roba, ya kai tan 250, wanda zubar da shi ko sarrafa shi kuɗi ne na daban. Kulob da yawa sukan samu tallafi ko rance su gina, su ci kuɗin haya a albashin 'yan wasa, shekara ta tara ta same su da kafet mai sanƙo, babu takardar shaida, babu ko sisi. Irin wannan fili ba a iya sayen ɗan iri a yafa masa a jira ruwa. Ko a sauya shi duka, ko a rufe.

Babban taron kulob ya amince da aikin bisa sharuɗɗa uku. A raba kuɗin sabon kafet da na kwashe tsoho gida takwas, a riƙa zuba kashi ɗaya kowace shekara a asusu na daban wanda mutum ɗaya ba zai iya taɓawa ba. A sayi ƙaramar tarakta da buroshi cikin kuɗin gini. A naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda kula da fili ke wuyansa. Masu cewa roba ba ta buƙatar kulawa ba su taɓa riƙe ta ba, aikin ne ya sauya kama.

19 ga Mayu

An buga wasan ƙarshe na kaka, an fara yaye ƙasa. Zurfin haƙa santimita 35, kusan kubik mita 2,900 na ƙasa. An ware ƙasar sama wuri guda domin tana da amfani a wani filin.

6 ga Yuni

An gama daidaita ƙasan rami da injin mai bin leza, da gangara ta kashi 0.5 cikin ɗari. Kada ta wuce kashi ɗaya, in ba haka ba ƙwallo za ta riƙa bin gangara. Da rola ta bi ta kusurwar da ke kusa da ƙofar shiga, sai ƙasa ta riƙa motsi a ƙarƙashinta. An tona, aka tarar da tsohon rami da aka cike da shara da ɓaraguzan gini. An kwashe har sai da aka taɓa ƙasa mai ƙarfi, aka cike da tsakuwa hawa-hawa, ana daɓe kowane santimita 15. Wuri irin wannan in aka rufe shi haka nan, bayan shekara biyu zai lotsa, ruwa ya kwanta, kuma babu gyara sai an yanka kafet. Kwana huɗu sun tafi.

Magudanai: layi 14 a faɗin fili, tazarar mita takwas, bututu mai huji na milimita 80, jimlar tsawo ya ɗan haura kilomita ɗaya. Duk suna zuba a babban bututu na milimita 150 da ke bin gefe, da gangarar ɗaya cikin 200. An zuba ruwa a kan kowane layi an ga fitarsa kafin a rufe. An shimfiɗa yadin da ke raba yumɓu da tsakuwa, gefe na hawa kan gefe da santimita 30. In babu shi, yumɓu zai riƙa hawa cikin tsakuwa ya toshe ta.

24 ga Yuni

Tsakuwa: kauri santimita 30, kubik mita 2,460 da 'yan kai, kusan tan 5,000, lodin tifa mai tan ashirin wajen 250. Dole ta zama fasasshiya mai kaifin gefe domin ta kama juna, kuma mai ƙarancin gari domin ruwa ya ratsa. An mayar da lodi goma sha ɗaya saboda garin dutse ya yi musu yawa. Ɗan kwangila ya ce irinta ake zubawa a hanya kuma ta fi daɓuwa. Gaskiyarsa, ta fi daɓuwa, amma hanya ana so ruwa ya gangare ta samanta ne, fili kuma ana so ya nutse ta cikinsa. Ƙa'idar FIFA na neman aƙalla milimita 180 na ruwa su ratsa a awa guda. An auna da zoben gwaji a wurare takwas, duka sun wuce da nisa.

Tifofi ba sa hawa kan yadin kai tsaye. Suna juyewa a baki, injin ya tura gaba.

10 ga Yuli

An zuba kwalta mai shan ruwa hawa biyu, milimita 40 sannan 25. Ana iya tsallake kwalta a shimfiɗa a kan daɓaɓɓiyar tsakuwa, ya fi sauƙin kuɗi, amma a kan yumɓu mai kumbura da tsukewa kwalta ta fi riƙe daidaito. Awon daidaito da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita uku ake yi, a ja shi a tsaye da kwance ko'ina: kada giɓin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 10. Wurare bakwai sun faɗi, biyar a mahaɗar layukan injin kwalta. An goge tudun, an cike kwarin da tsakuwa mai haɗe da gam mai barin ruwa ya wuce, ba da siminti ba. Kafet ba ya ɓoye aibin ƙasa, fito da shi yake yi. Ba a sa hannu a takardar biyan wannan mataki ba sai da aka sake awo.

An kafa shinge, da allon tare ciko mai tsayin santimita 50 a gindinsa, da ragar karkaɗe takalmi a kowace ƙofa, da matata a bakin kowace magudanar gefe.

22 ga Yuli

Katifa ta kwanta, an fara kafet. Naɗi 28, kowanne faɗin mita huɗu, ana warware su a faɗin fili, gashinsu duka na kallon gefe ɗaya, in ba haka ba launin zai bambanta kuma gudun ƙwallo ya sauya daga naɗi zuwa naɗi. Akan bar kowanne ya sha rana ya miƙe kafin a yanka, domin roba na buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi. Wanda aka manna da tsakar rana yana miƙe zai ja mahaɗa da dare, wanda aka manna da sanyin safiya kuma zai yamutse da rana.

Mahaɗai 27, kowace mita 74, kusan kilomita biyu ke nan, ban da fararen layuka da ake yankawa a dasa. Nan ne fili ya fi rauni duk tsawon rayuwarsa. Ana sa ƙyallen haɗi mai faɗin santimita 30 a ƙasa, a shafa gam mai haɗi biyu da matsefin ƙarfe, a kwantar da gefunan, a bi da nauyi. Gam ɗin ba ya shiri da jiƙaƙƙen wuri, saboda haka yayyafin ranar Alhamis ya tsayar da aiki. An ɗaga mahaɗa biyu da aka manna dab da ruwan, aka ga gam ya yi kumfa bai kama ba, an sake su. Tazarar da ke tsakanin gefe biyu kada ta fi tazarar layukan ɗinkin kafet ɗin kansa, kuma kada gashi ya maƙale cikin gam.

An ƙi ƙarin layukan ƙananan filaye masu launi uku da aka nema. Kowane layi yanka biyu ne. An yarda da kala ɗaya, sauran a yi da fenti.

5 ga Agusta

Ciko. Yashi ya fara shiga, busasshe, mai zagayayyun ƙwayoyi, domin mai kaifi yana cin gindin gashi. Aikinsa nauyi ne, shi ke danne kafet ya tsayar da gashi. Ba a juye shi gaba ɗaya. Ana watsa siriri, a bi da buroshi ya nutse, a sake. In aka yi gaggawa gashi zai kwanta a binne, kuma ba ya tasowa. Bayan yashi sai roba, ita ma haka. Abin da ake so a ƙarshe shi ne gashi ya fito sama da ciko da milimita 15 zuwa 20. In ya fi haka zai kwanta, ƙwallo ta riƙa gudu, in bai kai ba kuma ana wasa ne a kan roba tsura. An ƙirga buhunan da suka shiga an gwada da takardar kwangila, an ajiye tan biyu na ƙari a ɗakin kaya.

19 ga Agusta

Ɗakin gwaji mai zaman kansa, wanda FIFA ta amince da shi, ya auna filin. Cikin shaidun FIFA akwai biyu da aka fara bayarwa tun 2015: FIFA Quality ta filayen da ake taka wa da yawa, mai aiki shekara uku, da FIFA Quality Pro ta ƙwararru, wadda ake sabuntawa kowace shekara. Ta farko ake nema. A ƙa'idar 2015, ƙwallon da aka saki daga tsayin mita biyu dole ta taso tsakanin santimita 60 da mita ɗaya. Wadda aka gangaro daga kan tudun gwaji ta tsaya tsakanin mita huɗu da goma. Filin ya shanye kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfin taku. Riƙon haƙoran takalmi yayin juyawa ya faɗa tsakanin 25 da 50 a Nm, ma'aunin ƙarfin murɗawa. Iyakokin Pro sun fi matsewa, gudun ƙwallo ba ya wuce mita takwas, riƙo kuma 30 zuwa 45.

Duk wuraren awo sun wuce sai ɗaya, gefen da aka cike a rana ta ƙarshe, inda zurfin ciko ya gaza da kusan milimita biyar kuma ƙwallo ta wuce iyaka. Ɗan kwangila zai ƙara ya bi da buroshi, a sake awon wurin. Ba a biya kason ƙarshe ba. An nemi hukumar gasa ta juya wasan farko na gida ya zama na waje.

Jadawalin kulawa ya fara aiki daga yau, ko da shaidar ba ta fito ba. Awa ɗaya ta buroshi ga kowace awa goma ta wasa, ana sauya alkibla kowane karo, tarakta na tafiya a hankali ba ta juyawa a wuri ɗaya. Ɗigon fenareti, bakin raga da kusurwoyi ana duba su da ma'aunin zurfi kowane mako a cike da hannu, domin nan ciko ke fara gudu, kuma ɗigon fenareti ne yakan fara ɓallewa. Ganye da shara a kwashe kafin su ruɓe, in sun ruɓe gansakuka ta samu wurin zama, ruwa ya daina wucewa. Sau biyu zuwa huɗu a shekara injin mai haƙora zai zo ya sassauta ciko. Ragogin atisaye a kan taya za a tura su, ba ja ba. Ba taba, ba cingam, ba kwalba. Masu haya a riƙa juya musu ɓangare, kada kullum a taka rabin da ke kusa da ƙofa. Kowane aiki a rubuta shi da kwanan wata, domin garantin shekara takwas da kamfanin ya bayar ba ya aiki in babu wannan littafi.

Abubuwan da ke buɗe: sake awon gefen da ya faɗi a mako mai zuwa, awon hasken fitilu bayan an daidaita su, da asusun sabuntawa, wanda banki ya mayar da takardunsa saboda mai sa hannu na biyu bai kai shaidarsa ba tukuna. Daga awa 16 na sayarwa, tara ne aka sa wa hannu zuwa yanzu.